Ɗaurin Silikon ko Tiyatar Cikin Ido?

Idan tantanin gani na can bayan ido ya ɓalle, likitan tiyata yana da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ɗauri ce: ya ɗinka zaren silikon, wato wata irin roba mai laushi, a wajen ƙwayar idon, bangon ya matso ya manne da tantanin. Ta biyu, wadda Robert Machemer ya fara a Miami a 1970, shiga ciki ce: a zuƙe ruwa mai kauri da ke cikin ƙwayar idon, a cika idon da iskar gas. Ita aka fi yi wa dattawa, amma akwai wahala: wani sai ya yi kwanaki kife da fuska, babu hawa jirgin sama sai iskar ta baje, kuma yanar ido kan zo da wuri. Ga matashi dai, a ganina ɗaurin ya fi, ko da zai sa shi canza tabarau.