Wane shinge za ka saya don filin kiwonka ya sha ruwa?

Kafin ka kashe kuɗi, fara auna ƙasar. Samo guntun bututu mai faɗin santimita 15, ka buga shi ya nutse santimita 7, ka zuba ruwa kusan rabin lita, ka duba agogo ka ga tsawon lokacin da ƙasa za ta ɗauka kafin ta shanye shi. Yi haka a tsakar fili, sannan a inda shanu ke yawan tsayawa. Inda kofato ya dandaƙe ƙasa kuma ciyawa ta ƙare, ruwan zai daɗe a kwance. Idan aka yi ruwan sama, irin wurin ne ke kwarara, ya tafi da ƙasar sama.

Maganin shi ne hutu. Ciyawar da ake gwaiguya kullum saiwarta gajarta take yi, ita kuwa saiwa, da tsutsar ƙasa da buzuzu, su ke huda wa ruwa hanya. Don haka shingen kirki shi ne wanda zai ba ka damar matsar da garke.

Waya mai ƙaya tana daɗewa, ta dace da iyakar fili, amma inda aka kafa ta nan za ta tsaya. Da ita kaɗai, shanu za su yi ta komawa kan ciyawar da suka fi so har su kashe ta. Shingen itatuwa yana tare iska, sai dai yana ɗaukar shekaru kafin ya rufe.

Don yanka fili gida-gida, zaren lantarki mai naɗewa ya fi. Nemi injin tura wuta da zai riƙe bolt 3,000 a ƙarshen zare don shanu. Tumaki da awaki suna buƙatar 4,000 zuwa sama da layi uku ko fiye. Mai sola yana rage wahalar cajin batir. Yawancin matsala daga sandunan ƙasa take, wato ƙarafan da ake kafawa a ƙasa a haɗa su da injin: a busasshiyar ƙasa wuta ba ta zagayowa, dabba ta taɓa ba ta ji komai ba. Kafa sanda uku, mita 3 tsakaninsu, a wuri mai laima. Ciyawar da ke taɓa zaren ma tana shanye wutar.

Kar ka manta da kwamin ruwa mai ɗaukuwa, domin mashaya ɗaya tak ita ke haifar da dandali da turbar da ke zama kwari. Fitar da garke idan sun ci rabin tsayin ciyawa, ka bar wurin kwana 30 zuwa 60 gwargwadon tohonta, kuma kar ka shigar da su ƙasa tana caɓi.