Na'urar da na saya da kuɗina, kamfanin waya ya ce ta wani ce

Da Hajiya ta zo Amurka zaman wata shida don taya mu renon jariri, abin da ya fi damunta shi ne wayar shafe-shafe, domin hannunta ya saba da wayar girke mai maɓallai. Shi ya sa na sayi na'urar Linksys PAP2 ta hannu, wato ƙaramin akwatin da ake jona wayar girke a jikinsa kira ya bi ta intanet, sannan na biya kuɗin wata a wani kamfanin waya da ya rubuta a shafinsa cewa yana karɓar wannan samfurin.

Ranar da na'urar ta iso na jona ta, fitilar wuta da ta intanet suka kama, amma ta layi ta ƙi, kuma in an ɗaga kan waya shiru ake ji. Na kifa ta na kwafi lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar, mai haruffa da alƙaluma 12 da ke ƙarƙashinta, na shigar a shafin rajista, sai aka ce an riga an yi rajistar wannan lamba. Na danna tauraro sau huɗu, na buga 73738# don in mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, sai ta nemi lambar sirri da ban taɓa sani ba. A nan na gane cewa kamfanin ne ya sayar da ita tun farko a kulle, kuma duk lokacin da aka kunna ta sai ta je rumbunsu ta ɗauko saitinta da wannan lambar MAC, don haka a wurinsu har gobe ta tsohon mai ita ce. Samfurin da ke da NA a ƙarshen sunansa shi ne ba a kulle ba, kuma babu inda shafinsu ya faɗi haka.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu kula da abokan ciniki. Na farko ya ce in zare wuta in mayar. Na biyu ya sa na kwana ina bincike a na'urar raba intanet ta gida, wai ta toshe ƙofa ta 5060 da saƙonnin SIP, wato masu haɗa kira ta intanet, ke bi, alhali matsalar tana cikin kwamfutarsu, a gaban idonsa. Sai na uku ne ya faɗi gaskiya, ya ce lambar tana maƙale da asusun wani mutum da ya rufe shi tun shekarun baya, kuma shi kaɗai zai iya ba da izini a sake ta. Na aika rasit da hoton na'urar a hannuna, aka ce bai wadatar ba. Wanda ya sayar mini ya yi iya ƙoƙarinsa, amma shi ma a cikin tarin kayan gwanjo ya same ta. Duk tsawon wannan lokaci Hajiya tana tambayata, "Ɗan nan, har yanzu wayar ba ta gyaru ba?" ni kuma ina cewa, "Ki ƙara haƙuri, Hajiya, sun ce gobe."

A rana ta 19 wata ma'aikaciya ta cire lambar cikin minti biyar. Gaskiya ɗaya ce, tun daga ranar murya tana fita tangaran, Hajiya tana hira da ƙannenta na Katsina ba yankewa, har na yi niyyar yafe musu komai.

Sai takardar kuɗi ta iso, na ga sun caje ni cikakken wata, har da kwanakin da layin yake a mace. Da na yi ƙorafi aka ce asusuna a buɗe yake tun ranar farko. Aikin minti biyar suka ja kusan mako uku, sannan suka karɓi kuɗin jiran. Zan riƙe layin har Hajiya ta koma gida, ranar da na kai ta filin jirgi kuma zan rufe shi.