Hoton ƙirji da alamun ciwon zuciya: yadda na tarar ana aiki a Ingila

Tun da na kama aikin ɗaukar hoton ƙirji a wani asibitin gwamnati a Ingila, tambayar da abokan aikina na gida suka fi yi mini ita ce ko na'urorin nan suna nuna ciwon zuciya fiye da namu. Na'urorin sababbi ne, kuma hoton yana bayyana a allon kwamfuta cikin daƙiƙoƙi, ba a wanke fim, amma hasken X-ray da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 shi ne dai ake amfani da shi, inuwar da zuciya take yi kuma iri ɗaya ce a nan da can. Inda na ga tazara ta gaske shi ne a tsarin da ke kewaye da hoton, wato yadda ake ɗaukarsa, da inda ake adana shi, da gwajin da ke biyo bayansa.

A nan ba a yarda a yi maganar girman zuciya ba sai an tabbatar da yadda aka ɗauki hoton. Ɗauka ta ƙa'ida ita ce majinyaci ya tsaya, ƙirjinsa a manne da allo, hasken ya shigo ta bayansa daga nisan kusan santimita 180, wadda ake kira PA. Da yake zuciya tana can gaba a cikin ƙirji, wannan tsayuwa tana sa ta kusa da allo, sai inuwarta ta fito daidai da girmanta ko kusa da haka. Idan majinyaci ba ya iya tashi, aka kai masa na'ura gado, hasken ya shigo ta gaba, wato AP, zuciya takan yi nisa da allo, inuwarta ta buɗe, har lafiyayyar zuciya ta zama kamar mai kumburi. Saboda haka ana buga haruffan AP a jikin hoton da aka ɗauka ta gaba, kuma mai rubuta rahoto yakan faɗa ƙarara cewa ba za a iya auna zuciya a hoton AP ba. A gida na sha ganin fim ya iso hannun likita babu wannan alama, an kuma gaya wa mutum zuciyarsa ta kumbura, alhali kwanciyar da ya yi lokacin ɗauka ce ta jawo.

Haka nan ana duba numfashi. Idan majinyaci ya ja iska sosai ya riƙe, ana ƙirga kusan haƙarƙari 6 ta gaba a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In bai ja ba, tantanin yakan tura zuciya sama ta kwanta a gicciye, ta yi faɗi, gindin huhu kuma ya yi duhu-duhu kamar akwai ruwa. Sannan ana kallon kan ƙasusuwan nan biyu da ke gindin wuya, a ga ko nisansu da tsakiyar ƙashin baya ɗaya ne, domin ɗan karkacewar jiki yana sauya siffar zuciya.

Bayan an gamsu da waɗannan ne ake awo. Ana auna mafi faɗin zuciya, a raba da mafi faɗin ƙirji daga cikin haƙarƙari zuwa cikin haƙarƙari, kuma a babban mutum idan zuciya ta wuce rabin ƙirji ana ɗaukarta a matsayin mai girma. A jarirai ana sassautawa har zuwa kashi 60 cikin ɗari. A kwamfuta layi biyu ake ja lissafin ya fito, amma rula da fim suna ba da amsa iri ɗaya, don haka wannan bai burge ni ba. Abin da ya burge ni shi ne ma'ajiyar hotuna da ake kira PACS, inda da danna lambar majinyaci sai hotunansa na shekarun baya su jeru kusa da na yau. Zuciyar da ta ɗan wuce rabi amma ba ta sauya ba tsawon shekaru ba ta tayar da hankali kamar wadda ta ƙaru cikin 'yan watanni, kuma hoto ɗaya tilo ba zai taɓa faɗin wannan ba. A gida majinyaci ne ma'ajiyar hotonsa, yana tafiya da shi cikin ambulan, wani ya ɓata, wani zafi da danshi su lalata shi.

Gazawar zuciya kuwa a huhu take barin sawunta. Da farko jijiyoyin jini na saman huhu, waɗanda a mai tsaye ya kamata su fi na ƙasa siranta, sukan cika su yi kauri. Idan matsin ya ƙaru, ruwa yakan shiga tsakanin sassan huhu, sai a ga wasu gajerun layuka a kwance, tsawonsu santimita 1 zuwa 2, a gefen gindin huhu suna taɓa bangon ƙirji, waɗanda ake kira layukan Kerley B da sunan likitan nan ɗan ƙasar Ayalan, Peter Kerley. Sirara ne ƙwarai, kuma a nan ne allo mai kyau da damar ƙara girman hoto suke da amfani na gaske, domin a fim ɗin da aka ɗaga wa hasken taga da wuya ido ya kama su. Idan abin ya tsananta, fari yakan bazu daga tsakiyar ƙirji zuwa ɓangarori biyu, siffar da likitoci suke kira fikafikan jemage. Kusurwar da ke tsakanin haƙarƙari da tantani, wadda ya kamata ta yi tsini, takan dushe idan ruwan da ya taru a gefen huhu ya kai kimanin mililita 200.

Majinyatan ma sun bambanta, kuma wannan ne ya sa nake ganin idon ma'aikacin gida ya fi gogewa a wasu alamu. Yawancin waɗanda nake ɗauka a nan tsofaffi ne masu toshewar jijiyoyin zuciya, hotonsu cike da wayoyin da aka ɗinke ƙashin ƙirji da su bayan tiyata, ko batirin daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin fata. Wani babban bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya duba majinyata sama da 1,000 a ƙasashen Afirka 9, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a wurinmu, matsakaicin shekarun majinyatan kuma kusan 52 ne. Ga kuma lalacewar bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa ba, wadda takan kumbura ɗakin sama na hagu na zuciya, gefen hagu na zuciya ya miƙe, a ga inuwa biyu a dama, rassan bututun iska su buɗe fiye da digiri 90. Ga tarin fuka da ke tara ruwa a jakar da ta lulluɓe zuciya, har ta yi zagaye kamar tulu alhali huhu yana wasai. Ƙananan likitoci da yawa a nan a littafi suka san waɗannan siffofi, yayin da na gida suke cin karo da su a ɗakin majinyata.

Sai dai a nan hoton ƙirji mataki ne na farko kurum. Idan ana zargin gazawar zuciya, ana gwajin jini na NT-proBNP, mai nuna ko zuciya tana wahala, kuma ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce wanda sakamakonsa ya haura 2,000 a yi masa hoton zuciya na eko, wanda ake ɗauka da sauti ba da haske ba, ƙwararre ya gan shi cikin mako 2, wanda yake tsakanin 400 da 2,000 kuma cikin mako 6. Majinyaci ba ya biya a lokacin da ake yi masa aikin, amma yana biya da jira, domin layi yana da tsawo kuma masu rubuta rahoto ba su wadata ba, har ta kai an horar da masu ɗaukar hoto irina suna rubuta rahoton ƙirji da kansu. A wurare da yawa a gida babu eko a kusa, don haka hoton ƙirji ne yake ɗaukar nauyin hukuncin gaba ɗaya, wanda ya fi ƙarfinsa. Mutum yana iya kasancewa cikin bugun zuciya mai kisa, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya, hotonsa ya fito tas, saboda toshewar jijiya ba ta yin inuwa, kuma mai ciwon ƙirji na farat ɗaya gwajin ECG, mai auna wutar lantarkin zuciya, yake buƙata kafin komai.

Akwai doka a nan da ta hana a haska mutum ba tare da an rubuta dalili ba, ko da yake hasken hoton ƙirji guda kaɗan ne, daidai da abin da jiki ke samu daga muhalli cikin 'yan kwanaki. Takardar da ta zo da kalmar ƙirji kawai ana mayar da ita. Wadda ake karɓa ita ce mai cewa, alal misali, mace ce da ta haihu kwanan nan, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ana son a duba girman zuciya da ruwa a huhu. Da irin wannan bayani mai ɗauka yakan yi ƙoƙarin tsayar da ita ko da da taimako ne domin a samu PA, mai karantawa kuma yakan fara da kusurwoyin gindin huhu.