Mako biyu da "Jambalaya" ta Fats Domino a kicin ɗina

Ƙanena ne ya turo mini wannan waƙa ta marigayi Fats Domino, mawaƙin Amurka, ta WhatsApp, wai tunda ba ni da hira sai ta girki, ga waƙar da ta dace da ni. Mako biyu ke nan tana tashi daga 'yar sifikar da nake ajiyewa a kan firij, har yau ba ta gundure ni ba.

Ba Domino ne ya fara rera ta ba. Hank Williams ya fitar da ita a 1952 da salon kiɗan karkarar Amurka, ta yi makonni 14 tana ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin wannan salo. Domino ya maimaita ta a 1961 da fiyano da masu busa, da ɗan tsallen nan na rock and roll, ta tsaya ta 30 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. A kasuwa ta Hank ce ta ci. Na saurari duka biyun, ni dai ta Domino na riƙe.

Hank mutumin Alabama ne, yana rera ta kamar baƙon da aka gayyata walima ya dawo yana ba da labari. Shi kuwa Domino haifaffen New Orleans ne, cikin Luwiziyana, inda ake cin abincin da waƙar ke lissafawa. Lokacin da yake raye an san shi da son girki, har tukwanensa yake ɗauka idan zai fita yawon wasa. Muryarsa ma ta mai gida ce da ya taso daga gindin murhu yana cewa bismillah.

Abincin ne ya fi ja na. Jambalaya shinkafa ce da ake haɗawa da nama da jatan lande a tukunya ɗaya, dafa-duka dai. Gumbo miya ce mai kauri, wasu su sa kuɓewa, wasu su sa filé, wato garin busasshen ganyen itacen sassafras. Da na gane haka sai na yi dariya ni kaɗai, ashe su ma suna da kukarsu! A can sukan zuba tsiran alade a jambalaya. Tawa da kaza na yi ta, ban ji na rasa komai ba.

Inda ta gaza: ba ta kai minti uku ba, kafin albasa ta soyu ta ƙare. Ga Turancin Domino mai haɗiye baƙaƙe, sai da na karanta baitocin kafin na kama rabi.

Yarana tsalle suke yi da an kunna ta. Surukata kuwa ta tsaya bakin ƙofa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan bawan Allah yunwa yake ji ko murna?" Na ce, "Hajiya, duka biyun." Ta ce to in zuba mata tata kafin ta huce.