Furannin Damina ko Masu Daɗewa: Wanne Ya Dace da Gindin Katanga a Kaduna?

Hajiya, kin tambaya ko wanne ya fi dacewa da gindin katangar gidanki: furannin da ake shuka irinsu kowace shekara, ko waɗanda ake dasawa sau ɗaya su daɗe, ko kuwa ƙananan itatuwa masu fure. A nan Kaduna ruwa ne ke raba wannan gardama, domin damina takan kankama a watan Mayu ta ɗauke a Oktoba, daga nan sai hunturu da ƙurarsa, sannan zafin Maris da Afrilu, wato kusan wata shida duk abin da kika shuka yana jiran bokiti.

Masu shekara guda, irin su ziniya da marigol, su ne mafi araha da saurin biyan buƙata. Idan aka zuba iri a farkon Yuni, cikin kwana 60 zuwa 70 wurin zai cika da ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Sai dai da zarar sun yi 'ya'ya sun gama aikinsu, kafin Disamba karmami kawai za ki tarar. Ki tsinke busassun kawunan ki adana, kin huta da sayen iri baɗi. Har yakuwa ma tana shiga wannan sahu, kuma bayan adon jajayen kofunanta za ki sha zoɓo.

Masu daɗewa ba halinsu ɗaya ba. Shukar da ake kira kana (canna), mai faɗin ganye, tana son ruwa sosai, idan ta rasa shi takan ƙone daga sama, amma saiwarta tana nan da rai har ruwan farko ya tashe ta. Binka kuwa, mai ƙananan furanni farare da ruwan hoda, tana jure fari tana fure kusan duk shekara, abin da ke kashe ta shi ne ruwa ya kwanta a gindinta a watan Agusta.

Ƙananan itatuwa sun fi tsada, sun fi jinkirin girma, domin sai sun shekara ɗaya ko biyu kafin su cika ido, amma a ganina su ne ƙashin bayan wurin. Boganbiliya (bougainvillea), mai yaɗo a jikin katanga, ta fi yin fure da rani, lokacin da komai ya yi fari fat da ƙura, kuma idan aka cika mata ruwa da taki ganye kawai take tarawa. Tana da ƙaya, tana kuma buƙatar aski a kai a kai. Iksora (ixora), mai ƙananan furanni a dunƙule, ta fi ta ladabi, sai dai ganyenta kan ɗashe idan ta matsu da siminti. Lalle ba ya neman komai, ga ƙamshin furensa. Itaciyar kariya mai kumburarren gindi kyakkyawa ce, amma ƙaronta guba ne, don haka a nisanta ta da wurin wasan yara.

Idan ruwan gidanki ba tabbatacce ba ne, ki jera itatuwan a baya, aƙalla santimita 60 daga katanga, binka a tsakiya, ki bar gaba ga ziniya da marigol da damina kaɗai. Ki yi dashen a watan Yuni bayan ƙasa ta jiƙa sosai, kuma ki zuba ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.