Sharhi kan ivermectin na matsawa a baki, maganin tsutsar cikin doki

Damina biyu ke nan ana ba dawakin bargarmu a Argungu wannan magani mai kaurin man goge baki, wanda ke zuwa cikin sirinji marar allura. Ya ci kuɗinsa, amma fa sai an auna doki tukuna.

Ƙa'idarsa miligiram 0.2 ne ga kowane kilo na nauyin dabba. Sirinji guda na doki mai kilo 600 ne, da layi a kan kowane kilo 100, dawakinmu na gida kuwa da wuya su kai nan. A nan 'yan barga suke kuskure: wani ya matse duka, wani ya raba guda ga dawaki uku don tattali, tsutsa ta sha kaɗan ta saba da magani. A samu tef ɗin tela, a gwada kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba da santimita, a ninka adadin da kansa, a sake ninkawa da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, sannan a raba da 11,880. Ƙirji 160 da tsawo 150 zai ba da kusan kilo 323.

Kafin a ba shi, a tabbata babu dusa ko harawa a bakinsa, in ba haka ba zai tofar da su tare. A zura sirinjin ta gefen baki, inda linzami ke zama, a matsa can bayan harshe, a ɗaga haɓarsa har ya haɗiye.

Inda ya fi burge ni shi ne gyambon damina, wanda ƙuda ke zuba wa 'ya'yan tsutsa ya ƙi warkewa. Bayan magani da wanki, sai ka ga bakin ciwon ya fara bushewa. Wasu dawakin kan yi kumburi da ƙaiƙayi a ƙasan ciki na 'yan kwanaki, daga baya ya saɓe.

Gazawarsa: ba ya kashe farar tsutsa mai faɗi, sai an nemi wanda aka haɗa da praziquantel. Duƙushi kuma a tuntuɓi likitan dabbobi, don manyan tsutsotsin cikinsa sun fara jure wa wannan magani.

Don Allah kada a yi wa doki allurar ivermectin ta shanu saboda araha. Tana iya jawo mummunan ruɓewar tsoka. A ajiye sirinjin a wuri mai sanyi, musamman a zafin Afrilu, kuma kada kare ya lashi wanda ya zube a turke.