Injin haɗa bayodizal daga tsohon man suya: abin da na gani bayan shekara guda ina aiki da shi

Tun da na fara zuba bayodizal, wato madadin man gas da ake haɗawa daga man girki, a injin niƙana, da wuya sati ya wuce wani bai tsaya a bakin shago ya tambaye ni ba: wai gaskiya ne man da aka gama soya kaza da dankali da shi yana tayar da inji? Wasu ƙanshin hayaƙin ne ke jawo su, domin salansa tana fitar da wani ƙanshi kamar ana suyar ƙosai a bayan shago. Wasu kuma so suke su ji ko su ma su saya. Su nake rubuta wa wannan, kuma zan faɗi daɗinsa da wahalarsa yadda na same su.

Ina da injin niƙa irin na Indiya mai silinda ɗaya, da wani tsohon janareta da ke riƙe shago in an ɗauke wuta. A farkon 2022 litar gas ba ta kai naira 300 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura 800. Duk mai niƙa ya san abin da wannan ke nufi. Ka ƙara kuɗin kwano mata su yi ta ƙorafi, ka bar shi yadda yake ka wuni kana yi wa gidan mai aiki. A cikin wannan hali wani ƙanina da ya karanta ilimin sinadarai ya kawo min maganar, shi ne kuma ya haɗa ni da wani mai ƙera injuna da ke yin irin wannan na'ura in an ba shi aiki.

Abin da aka kawo min bai da wani girma. Tankin ƙarfe ne mai cin lita 100, gindinsa a tsuke kamar mazurari, da hita a ciki, da famfon lantarki mai zagaya mai daga ƙasa zuwa sama, da ƙaramin tanki na haɗa sinadari, da tankin wanki na roba, sai ma'aunin zafi da filta. Duka a kan firam ɗaya. Waldar ta yi kyau, har yau ko ɗigo ban gani daga jikin tankin ba, kuma tsukakken gindin nan ya fi komai amfani a wurina, domin da shi ake rabe mai da dattinsa ba tare da asara ba.

Mutane da yawa suna cewa me ya sa ba za a tace man kawai a zuba ba. Injin gas yana iya cin man girki, wannan tsohon labari ne: a bajekolin birnin Faris na 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Amma man girki ya fi gas kauri wajen sau goma, nozul ba ya iya fesa shi yadda ya kamata, sai ya riƙa ƙonewa rabi da rabi yana tara gawayi a bakin nozul da zobban fistin. Aikin wannan na'ura shi ne ta raba man da abin da ke sa shi kauri, wato gilisarin. Ana yin haka da wani sinadari mai kama da ruwa da ake kira metanol, da sodar sabulu, irin wadda mata masu haɗa sabulu ke saye a wurin 'yan kemikal.

Ga yadda nake yi. Ina zuba lita 80 na mai, in ɗumama shi zuwa digiri 55. Ba a wuce haka da yawa, domin metanol yana tafasa tun kafin digiri 65. In narkar da soda a cikin lita 16 na metanol, wato kashi ɗaya cikin biyar na man, in kashe hita, in buɗe bawul famfo ya riƙa jan sinadarin a hankali. Famfo ya yi ta juyawa awa biyu. Daga nan in bar shi ya kwana. Da safe gilisarin ya kwanta a ƙasa, baƙi-baƙi mai kauri kamar maɗi, bayodizal yana sama. In buɗe bawul na ƙasa ina kallon tiyo, da launi ya sauya daga duhu zuwa ruwan zuma sai in rufe.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Haɗina na farko kuwa lalacewa ya yi gaba ɗaya, kuma har yau ina jin zafinsa. Na tace man da kyalle, na ga ya yi fes, na ɗauka shi ke nan. Ashe akwai ruwa a ciki, na kaza da dankalin da aka soya. Ruwa da soda da mai in sun haɗu sabulu suke bayarwa. Da na buɗe murfi da safe abin da na tarar ya fi kama da kunun da ya kwana, babu sama babu ƙasa, ya daskare har a cikin famfo. Kwana biyu muna kwasa da yaron shago. Na kira mai ƙerawa, ya ce, "Alhaji, ai sai an busar da man tukuna." Takardar da ya ba ni shafi biyu ce, kuma babu wannan maganar a ciki. Wannan shi ne babban ƙorafina a kansa. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya kamata a zaunar da shi a yi haɗin farko tare.

Yanzu kowane mai da ya shigo sai na ɗiga shi a kan kasko mai zafi. In ya yi ƙara yana tartsatsi akwai ruwa, sai in ɗumama shi in bar shi ya kwana, in zare ruwan ta ƙasa. Na kuma yi wa wani durom baƙin fenti na ajiye a rana. A watan Maris da Afrilu man yana yin ɗumi sosai kafin la'asar, hita ba ta shan wahala. Wannan ya taimaka, domin hitar tana cin wuta, kuma tayar da janareta don a ɗumama man da za a zuba wa janareta yana cinye ribar.

Abu na biyu da takardar ta taɓa a layi ɗaya, alhali shi ne zuciyar aikin, shi ne awon tsamin mai. Duk lokacin da aka soya abu a mai yana ƙara tsami, tsamin nan kuma yana cinye soda kafin ta yi aikinta. Don haka kowane mai da yawan sodar da yake buƙata. Ƙanina ne ya koya min. A narkar da giram 1 na soda a lita 1 na tataccen ruwa. A ɗauki mililita 1 na man a zuba a mililita 10 na sinadarin aisofurofil, a barbaɗa ɗan kurkur, irin na miya. Sai a riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji ana kaɗawa. Ruwan ɗorawa ne da farko, ɗigo ya faɗa ya yi ja ya ɓace, ya sake yin ja ya ɓace, har a kai inda jan zai tsaya. Yawan mililitar da ta shiga shi ne giram nawa za ka ƙara a kowace lita. Takardar ta ce a fara da giram 3.5 a ƙara abin da awo ya nuna. Ni dai sai da na mayar da shi 5 kafin man ya riƙa fita yadda nake so. In awo ya nuna 3, giram 8 ke nan a lita, 640 a tanki. Ba a haɗa min da sikeli ba, sai da na sayi ƙarami mai auna giram.

Man da awonsa ya tsaya a 2 ko 3 ba ya ba ni matsala. Wanda ya haura 6 yakan ba da sabulu da yawa, mai kaɗan. Baƙin nan da aka yi ta soyawa har ya fara yauƙi, kada ma ka ɗauko shi, wannan na'urar ba ta iya masa.

Bayan an zare gilisarin sai wanki. Ana yayyafa ruwa a hankali a saman man, ya ratsa ya sauka da sabulu da ragowar soda. Ruwan farko fari yake fita kamar tsala, na uku ko na huɗu ya fita garau. Wanda ya yi gaggawa ya kaɗa da ƙarfi a wankin farko zai ga man ya haɗe da ruwa ya ƙi rabuwa. Daga nan shanya a buɗaɗɗen durom, a rufe da gidan sauro saboda ƙura. Ranar ƙasarmu tana yin wannan aikin kyauta. Alamar ya bushe ita ce in cika kwalba in ɗora a gaban jarida in karanta rubutu ta cikinta. Akwai kuma gwajin da ba na tsallakewa: mililita 3 na man a cikin 27 na metanol, a girgiza. In ya narke duka haɗi ya yi, in ɗigon mai ya kwanta a ƙasa da saura. Daga lita 80 nakan tashi da 70 ko ɗoriya kaɗan.

A inji fa? Injin niƙa ya karɓe shi ba gardama. Bugu ɗaya yake tashi, ƙararsa ta ɗan yi laushi, baƙin hayaƙin da ke turnuƙe shago in an ɗora masa masara mai tauri ya ragu ƙwarai, yaron da ke tsaye a kansa ya daina dawowa gida da baƙin hanci. Yana ɗan fi shan mai, domin litar bayodizal ba ta kai ta gas ƙarfi ba, tazarar ta kusa kashi ɗaya cikin goma. A satin farko filta ta toshe sau biyu, domin man yana wanke tsohon dattin tanki ya turo shi gaba. Tsohon tiyon roba ya yi laushi ya fara zufa, bakanike ya canza min. Inda ya zuba a jikin janareta fenti ya ɗaye. Da sanyin Janairu kuma na zo da asuba na tarar jarka ta yi hazo, ƙasanta ya fara kama jiki kamar man shanu, domin yawancin man girkin da ake sayarwa a jarka daga kwakwar manja ake tace shi, shi kuwa ba ya jure sanyi. Tun daga nan in hunturu ya shigo rabi da rabi nake haɗawa da gas. Wani abokina ya so ya zuba a sabuwar motarsa mai injin zamani, na hana shi. Man da aka haɗa a bayan shago, ba a kai shi ɗakin gwaji ba, na tsofaffin injuna ne masu haƙuri.

Akwai maganar da nake so duk mai niyya ya ji da kyau. Metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa yana makantarwa, yana kisa, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, in ya kama wuta da rana ba a ko ganin harshenta sosai. Murfin ƙaramin tankin da aka kawo min ba ya rufuwa ruf, ranar farko kaina ya sara har dare. Na sa aka yi masa roba da maɗauri, na fitar da na'urar gaba ɗaya zuwa rumfa mai iska, nesa da masu shayi da masu shan taba. Safar hannu da tabarau da bokitin ruwa a kusa, kullum. Bawul biyu na tagulla ne, na canza su, tiyon da ake gani ta cikinsa ya ƙage ya tsage bayan wata huɗu. Jarkar metanol tana ɗaki mai kwaɗo, makullin yana aljihuna, domin ruwa ne fari tas kuma yara suna shigowa kawo niƙa.

Wanda ya tambaye ni ko ya saya, tambayar da nake mayar masa ita ce a ina zai sami mai. A Turai da Amurka gidajen abinci neman wanda zai kwashe musu suke yi, har ya zama sana'ar kamfanoni. A nan ba a zubar da mai. Na fara zuwa wurin wata mai ƙosai a unguwarmu, ta saurare ni har na gama, ta ce, "Alhaji, mu da muke ƙara sabo a kan tsoho, ina muka ga na zubarwa?" Gaskiyarta. Inda ake samu shi ne gidajen abinci masu soya kaza da dankali a injin suya, da otal-otal, da masu yin cincin da yawa. Can ma akwai masu jira, masu sabulu suna saye, wasu kuma suna saye su kai wa masu suyar bakin titi, abin da ke damuna ƙwarai, domin man da ya ƙone haka bai kamata ya koma cikin ɗan Adam ba. Na yi wata biyu ina zarya kafin manajan wani gidan abinci ya yarda ya riƙa tara min, ni kuma na kai masa jarkoki masu murfi don kada a zuba ruwan wanke-wanke a ciki. Da shi da wani gidan biredi nake samun abin da zai ishe ni haɗi biyu a wata, na'urar da za ta iya yin biyu a sati. Da azumi yakan ƙaru.

In na sami man a araha, na haɗa kuɗin metanol da soda da wuta, litata tana fita ƙasa da ta gidan mai da tazarar da ake ji a aljihu. Metanol ne ke cin kaso mafi girma, kuma farashinsa yana bin dala. In da zan sayi man a kusa da kuɗin sabo, babu abin da zai rage. Lokacina kuma ban sa shi a lissafi ba, haɗi ɗaya yana ɗaukar kwana huɗu zuwa biyar daga tata zuwa shanya, ko da yake ba tsaye ake a kansa ba.

Abin da har yanzu ban warware ba shi ne gilisarin. Kowane haɗi yana bar min wajen lita 15, kuma akwai ragowar metanol da soda a ciki, don haka ba a zuba shi a kwata, ba a ba dabba, ba a ƙona shi a murhu saboda hayaƙinsa yana da illa. Na'urori masu tsada suna da tukunyar da ke janye metanol ɗin a sake amfani da shi, tawa ba ta da ita. Wata mai sabulu ta ce za ta karɓa in an cire, yana yin sabulun wanke hannun bakanike mai kyau. Na yi magana da mai ƙerawa ya haɗa min tukunyar, ya ce bayan Sallah. Kafin nan jarka goma sha ɗaya ce jere a bayan rumfa, a rufe, na rubuta wa kowace "guba" da jan fenti.